Rahoton da Zuma ke Kawowa Daga Dajin da Ba Ma Iya Shiga

Ɗan ƙanwata ya ci jarrabawar bakaloriya a fannin kimiyya a Garwa, inda iyayensa suka koma tun da zaman Kolofata ya yi wuya. Ranar da dangi suka taru yi masa barka, kowa da irin rigar da ya ɗinka masa a zuci: wannan ya ce likita, wancan ya ce kwastan, kakarsa kuwa ita dai a samu aikin da ake biya ƙarshen wata. Da aka waiwayo gare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni so nake in karanci yadda ƙudan zuma ke magana da junansu." Ɗaki ya yi tsit. Da aka watse uwarsa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ka yi masa faɗa. Mun baro gida, mun baro gona, shi kuma ya je ya zauna yana kallon ƙwari?"

Ban yi masa faɗa ba. Tsoron uwarsa yana da tushe, kuma zan dawo kansa, amma ina da yaƙinin cewa sana'ar da yaron ya ambata sana'a ce ta gaske, kuma ɗan Kolofata ya fi ɗan Berlin hujjar shigarta.

Mu fara da ita maganar zumar, domin da yawa sun ɗauka tatsuniya ce. Ma'aikatan amya duk mata ne. Idan ɗaya ta fita ta yi dace da bishiya mai fure, takan dawo ta hau saƙa a cikin duhu, ta miƙe a guje tana kaɗa ƙugu hagu da dama, ta kewayo inda ta faro, ta sake, 'yan'uwanta na biye da ita suna taɓa ta. Saƙa a tsaye take kamar bango, kuma saman bangon shi ne madadin rana. In mai rawar ta nufi sama sak, abincin yana saitin rana. In ta karkata dama da kusurwa kaza, to mai fita ta karkata dama da rana da daidai wannan kusurwar. Daɗewar kaɗa ƙugun kuma shi ne nisa: sakan guda tafiya ce da ta kusa kilomita ɗaya.

Wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya warware wannan a tsakiyar shekarun 1940, bayan ya shafe fiye da shekara ashirin yana yi wa rawar gurguwar fahimta. Kayan aikinsa ba su wuce amya mai bangon gilashi, da ɗigon fenti a bayan kowace ƙuda don ya gane ta, da faranti mai ruwan sukari ba. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel. Duk da haka magana ba ta mutu ba, domin tun 1967 wani Ba'amurke, Adrian Wenner, ya tsaya kai da fata cewa ƙamshi kawai zuma ke bi, rawar ba ta shiryar da kowa. An yi shekaru ana ja-in-ja. Sai a 2005 wasu masana suka liƙa wa ƙudan da suka kalli rawa 'yar ƙaramar na'ura, suka bi tashinsu da rada, aka ga sun nufi inda aka kwatanta musu. Shekara sittin ke nan tsakanin ganowa da rufe bakin mai musu. Wanda zai shiga wannan fage ya san irin haƙurin da ake nema.

Rawa kuwa kashi ɗaya ce kawai. Mafi yawan zancen amya da wari ake yin sa. Duk mai ɗiban zuma ya san cewa in guda ta harbe ka, saura nan wurin za su nufa. Dalili shi ne ƙarin da ta bari a fatarka yana fitar da warin gangami, wanda aka gano a 1962 cewa babban sinadarinsa shi ne mai ba ayaba nunanniya ƙamshinta. Hayaƙin da kakanninmu ke turarawa yana dakushe jin wannan warin. Ita ma wadda wasu ke kira sarkin zuma, masana kuma ke cewa sarauniya, ba umarni take bayarwa ba. Uwa ce mai zuba ƙwai, kuma warin jikinta da ma'aikata ke yaɗawa daga wannan zuwa waccan shi ke shaida wa dubban 'ya'yanta cewa tana nan da rai. Hatta zaɓen sabon gida ba nata ba ne. Martin Lindauer, almajirin von Frisch, ya riƙa bin tarin zuma da gudu a cikin kangayen birnin Munich bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ya tabbatar cewa 'yan leƙen asiri ne ke fita neman kogo, kowace ta dawo ta yi wa nata rawa, har ra'ayi ya haɗu. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ɗora daga nan, ya nuna cewa da zarar adadin masu leƙe ya cika a bakin kogo guda, shi ke nan an yanke shawara, taro ya tashi.

A shekarun nan bincike ya koma kan tambayar wa ke hulɗa da wa. Ƙudan zuma kan ɗura wa juna abinci baki da baki, kuma ta nan labari ke yawo, ta nan cuta ma ke bi. A 2018 ɗakin binciken Gene Robinson a Jami'ar Illinois ya liƙa wa ƙuda fiye da dubu a amya guda 'yar takarda mai lamba, kowace da tata, kamara da kwamfuta suna rubuta wadda ta ciyar da wata dare da rana. Bayan shekara biyu suka fito da abin da ya girgiza ni: ƙudan da suka kamu da wata ƙwayar cuta sukan rage ɗura wa 'yan gidansu abinci, kamar amyar tana kare kanta, amma in suka je ƙofar wata amya, masu gadi sun fi saurin barin su su shiga. Wato cutar ta sami hanyar sauya warin mai ɗauke da ita don ta tsallaka gida na gaba. A Berlin kuma, ƙungiyar Tim Landgraf ta nuna a 2021 cewa in ka san waɗanda ƙuda ke cuɗanya da su, za ka iya faɗin aikin da take yi da kusantowar ajalinta fiye da in kwanakin haihuwarta kawai ka sani. A 2023 Ken Tan na ƙasar Sin da James Nieh na Amurka da abokan aikinsu suka gano cewa matasan ƙuda da ba su taɓa kallon rawar manya ba sukan yi tasu da kurakurai, kuma kuskuren faɗin nisa ba ya barinsu har mutuwa. Ashe su ma da tarbiyya.

Mai tambayar amfanin wannan duka a aljihu, ga misali ɗaya. Yadda amya ke rarraba ma'aikatanta a kan furanni daban-daban ba tare da shugaba ba, shi injiniyoyi a Amurka suka kwaikwaya suka tsara yadda manyan kwamfutocin intanet ke raba aiki a tsakaninsu, har aka karrama su tare da Seeley a 2016.

To, a nan gizo ke saƙa. Kusan duk abin da na lissafo, a kan zumar Turai aka gano shi, a ƙasashen da babban abokin gabar amya shi ne sanyin hunturu. Zumar Turai mai tanadi ce, mai zaman gida: ta tara abinci, ta dunƙule, ta jira bazara. Tamu ba haka take ba. Zumar Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira adansonii, da 'yar'uwarta ƙarama ta yankin Sahel, jemenitica, sun fi saurin hayayyafa, sun fi zafin kare gida, kuma in wuri ya ƙi su sai su kwashe gaba ɗaya su bar maka amya wayam. Tambayi duk mai rataye amya daga Mora zuwa Mozogo abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, zai ce maka, "Zuma ta gudu." Wannan gudun ba hauka ba ne, shawara ce da dubban ƙuda suka yanke tare, kuma tilas akwai zancen da ya gabace ta. A farkon shekarun 1990, Stanley Schneider da Linda McNally sun zauna a fadamar Okavango ta Botswana suna karanta rawar zumar can, suka ga cewa kafin ƙaura raye-rayen sukan sauya, su riƙa nuna wurare masu nisan da ya wuce na kiwon yau da kullum, uwa kuma ta rage ƙwai. Amma Okavango ƙasar ruwa ce, kuma zumarta wani jinsi ne dabam. Wanda ya iya karanta alamar ƙaura a amyar yankinmu na Mayo-Sava mako biyu kafin ta auku, ya ba mai amya damar kawo ruwa ko inuwa ko abinci, ya yi wa dubban magidanta aikin da ba su manta shi ba.

Akwai tambayar da ta fi wannan burge ni, kuma sararin samaniyarmu ne ya haife ta. Rawar nan kacokan a kan rana ta dogara: ina rana take, dama ko hagu. A Munich rana ba ta taɓa tsayawa a tsakar ka. A Kolofata kuwa, da ke wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara, a mako na uku na Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, rana kan tsaya cak a bisa kai da tsakar rana, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A wannan sa'a babu gabas babu yamma a wurin mai auna hanya da rana. Lindauer ya lura da haka a tsibirin Sri Lanka a shekarun 1950, inda ya ga rawa na rikicewa ko ta tsaya a irin wannan lokaci. Ƙara da hazo. An san cewa in gajimare ya rufe rana, ƙudan zuma kan karanta wani tsarin haske da ke cikin shuɗin sama wanda idonmu ba ya gani. To, a watan Janairu, in ƙurar hunturu ta turnuƙe kwana huɗu, babu shuɗi ko na magani, rana ta koma kamar farin faranti, da me suke kwatance? Sannan an tabbatar, ta gwajin Mandyam Srinivasan da abokansa a 2000, cewa ƙuda tana auna nisa ne da yawan abubuwan da suka gilma ta gaban idonta. Ke nan kilomita guda a kan shimfiɗaɗɗen filin masakwa, inda babu komai sai ƙasa mai tsaga, ba zai zama daidai da kilomita guda a cikin duwatsun Mandara ba. Ma'aunin da aka yi a Turai ba zai yi mana aiki ba sai an sake shi a nan.

Ga kuma zafi. 'Ya'yan zuma a cikin saƙa suna bukatar ɗumin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sama da 40 muke kwana muna tashi. Amya takan sanyaya kanta da ruwa: wasu su ɗebo, wasu su karɓa su shafa a saƙa, wasu su yi fifita da fukafukai. Lindauer ya gano cewa mai ɗebo ruwa tana gane ko ana bukatar ƙari ne daga saurin da aka karɓe mata kaya. In an yi rububinsa ta koma ta kuma yi rawa, in an yi biris da ita ta daina. Wannan shi ne abin da ke bayan cincirindon zuma a bakin rijiyoyinmu da magudanan lambun albasa da bazara, inda mata da yara ke shan harbi. Nawa ne daga ma'aikatan amya ke barin kiwo su koma jido a watan Afrilu, kuma me wannan ke ragewa daga zumar da za a ɗiba? Amsar tana iya sauya inda ake rataye amya a ƙauye guda.

Kada a ce ƙasarmu fayau take a wannan ilimi. A Jami'ar Ngaundere, Farfesa Fernand-Nestor Tchuenguem Fohouo ya shafe shekaru yana horar da ɗalibai, kuma shi da almajiransa sun buga ayyuka masu yawa daga Ngaundere da Garwa da Marwa a kan auduga, riɗi, wake da sauran amfanin gona. Hanyarsu mai sauƙi ce kuma mai ƙarfi: a rufe wasu furanni da ƙyalle mai raga, a bar wasu a buɗe, a ƙirga ƙwarin da ke sauka, a auna amfanin da kowanne ya bayar. Irin wannan gwaji a Burkina Faso, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa in an hana ƙwari masu barbara kaiwa ga fure, auduga kan yi asarar kashi 37 cikin ɗari, riɗi kuma kashi 59. Wannan aiki harsashi ne. Sai dai mafi yawansa a bakin fure aka yi shi, inda ake ganin ƙuda ta zo ta tafi. Abin da nake kira gare shi shi ne a bi ta gida, a ji abin da ta je ta faɗa.

Kuma ba sai Bature ba. Abdullahi Ahmed Yusuf, ɗan Najeriya, malami ne a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, a cikin rukunin masu binciken ƙwari masu zaman jama'a. Ya yi digirinsa na uku a kan tururuwa masu farautar gara a Kenya, kuma a 2015 shi da Christian Pirk da Robin Crewe suka buga bincike a kan sinadaran warin da uwa da ma'aikatan zumar adansonii ke fitarwa. Na ambace shi ne don ɗan ƙanwata da ire-irensa su ga mai suna irin na gidansu a kan wannan hanya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ɗan Kolofata ya fi kowa hujja. Kowa ya san abin da ya same mu. Ranar 27 ga Yulin 2014 'yan Boko Haram suka afka wa garin, suka kashe mutane, suka tafi da matar Mataimakin Firaminista na lokacin, Amadou Ali, da lamidon gari. A Janairun 2015 suka far wa sansanin soja. Bayan nan aka shiga shekarun 'yan ƙunar baƙin wake da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, ƙauyukan bakin iyaka wajen Kerawa da Amchide suka watse, mutanensu suka cika Kolofata da Mora. Akwai gonaki da dazuzzukan da shekaru suka shuɗe ba mai zuwa cikinsu da kwanciyar hankali. Malamin gona ba zai ɗauki ɗalibai ya shiga ƙirgan bishiyoyi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Wane gawo ne ya tsira daga gatarin masu neman itace a kewayen sansanonin 'yan gudun hijira? Wace aduwa, wace magarya, wace bagaruwa ce ta sake tofowa a gonakin da aka bari? Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka kore, amma ba zai gaya maka abin da ke fure ba.

Zuma kuwa tana zuwa can kullum. Ba ta taka nakiya, ba ta tsayawa a shingen bincike, ba ta san inda Kamaru ta ƙare Najeriya ta fara ba. Takan yi kilomita biyar, shida, wani lokaci har goma, kuma da ta dawo sai ta hau saƙa ta faɗi inda ta je a fili, ga duk mai idon karantawa. Amya guda da ke kiwo kilomita shida ta kowace fuska tana leƙa ƙasar da ta haura murabba'in kilomita ɗari. Wannan ba mafarki ba ne. A Jami'ar Sussex ta Ingila, Margaret Couvillon da Francis Ratnieks da abokansu sun ɗauki hoton bidiyo na raye-raye fiye da 5,000 cikin shekara biyu, suka fassara su ɗaya bayan ɗaya suka zuba a taswira. A 2014 suka nuna wa hukuma irin filayen da zuma ta fi so, suka kuma gano abin da ba a zata ba: a lokacin zafinsu ne, ba farkon bazara ba, abinci ya fi wuya, domin a sannan ƙuda kan yi tafiyar kilomita biyu a madadin rabin kilomita. Su sun yi haka ne don ya fi arha da sauri. Mu za mu yi ne don babu wata hanyar.

Me ake bukata? Amya mai bangon gilashi wadda kafinta a Mora zai iya haɗawa, ɗaki mai inuwa da 'yar ƙofa ta waje, wayar hannu mai kamara, ma'aunin kusurwa irin na 'yan makaranta, taswira, da mutum mai haƙurin zama. A ƙara da madubin ƙara girma don duba garin furen da ƙuda ke dawowa da shi a ƙafa, wanda zai faɗi sunan bishiyar da rawa ta faɗi wurinta. Cikin shekara biyu za a sami kalandar furannin Mayo-Sava wata bayan wata: yaushe gawo ke ɗaukar nauyin amya bayan damina, yaushe darbejiyar cikin gari ke ceton ta, wane wata ne na yunwa. Mai noman irin albasa, wanda kan albasarsa ba ya cika da iri sai ƙwari sun sauka a kai, zai san ko zuma na zuwa lambunsa ko wani furen ya janye ta. Manomin auduga zai san ranakun da fesa magani ya fi yin ɓarna. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: gwaje-gwaje biyu a 2012, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, sun nuna cewa ɗan kaɗan daga wasu magungunan ƙwari, wanda bai isa kisa ba, yakan sa ƙuda ta ɓace hanyar gida ko ta rage rawa, kuma a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili. Amyar da aka toshe wa baki takan mutu a hankali ba tare da an ga gawa a ƙofa ba.

Ba zan ɓoye wahalar ba, domin ba a shan zuma sai an sha harbi. Zumarmu mai faɗa ce, ba a ajiye ta kusa da gidaje ko turken dabbobi. Tana iya ƙin zaman gilashi ta gudu a mako na biyu, a koma farko. Rawa ba ta nuna bishiya guda, yanki take nunawa, don haka sai an tara ɗaruruwa kafin taswira ta yi ma'ana. Sannan mai yawo da kamara da taswira a garin bakin iyaka dole ya fara da gaida bulama da lawan, ya sanar da hukuma, ya yi wa maƙwabta bayani, in ba haka ba a ɗauke shi wani abu dabam.

Sai maganar uwarsa, wato abinci. Hanyar doguwa ce: shekara uku na digirin farko, biyu na biyu, uku ko fiye na dakta, kuma a ƙarshenta kujerun aiki ƙalilan ne. Akwai jami'o'in Ngaundere da Marwa, da ta Garwa da aka kafa a 2022, akwai cibiyar binciken noma ta IRAD, da Makarantar Namun Daji ta Garwa da ke horar da 'yan Afirka tun 1970. A waje akwai cibiyar icipe ta Nairobi, wadda ta buɗe babban ɗakin binciken lafiyar zuma na Afirka a 2014 kuma take ɗaukar ɗaliban dakta daga ƙasashen nahiyar. Ba kowa zai samu ba. Amma a duba abin da mai wannan karatu ke fita da shi a hannu: lissafin ƙididdiga, rubuta manhajar kwamfuta, sarrafa taswira, Turancin Ingilishi a kan Faransancinsa, da sanin yadda cuta ko labari ke yaɗuwa a cikin jama'a. Wanda ya iya bin sawun ƙwayar cuta a tsakanin ƙuda dubu, ma'aikatar lafiya ba za ta rasa abin yi da shi ba ranar da kwalara ta ɓulla. Kuma abin bincikensa ma yana iya biyan kuɗin haya: amya ashirin da aka kula da su jari ne. Zumar Adamawa ta wajen Ngaundal tana ciyar da gidaje da yawa, farar zumar Oku kuwa tun 2013 take da rajistar sunan asalinta, abin da ya ɗaga darajarta a kasuwa.

Tsorona ni dabam ne da na ƙanwata. Ina tsoron yaro ya gama karatu ya zama ɗan aike: a turo masa kwalabe daga waje, ya cika su da ƙudan zuma a cikin sinadari, ya aika, a buga sakamako da sunansa a can ƙarshen layi. Maganin wannan shi ne tambayar ta zama tasa, ta fito daga ƙasarsa, kuma masu riƙe da irin waɗannan tambayoyi suna nan zaune a ƙofar gida. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana saƙa amya, yana shafe ta da kashin shanu, yana turara ta, ya san bishiyar da zuma ke so da wadda take ƙi, ya san ƙarar amyar da ke shirin tashi. Da yawa daga waɗannan dattawa yau 'yan gudun hijira ne, amyoyinsu na can sun ruɓe a kan bishiya, kuma ba wanda ke tambayarsu komai sai sunansu a takardar rabon abinci. A Mozambik, Claire Spottiswoode ta ɗauki masu farautar zuma na ƙabilar Yao a matsayin abokan aiki, ta gwada kiran da suke yi wa tsuntsun nan mai jagora zuwa kogon zuma, ta nuna a 2016 cewa kiran yana ɗaga damar samun zuma daga kashi 17 zuwa 54 cikin ɗari. Ilimin na mafarautan ne, ita awo ta kawo. A Adamawa ma Martin Gruber da Mazi Sanda sun rubuta littafi a 2019 a kan farautar zuma da kiwonta a can. Dattawan Mayo-Sava sun cancanci a zauna gabansu da littafi da alƙalami tun suna da rai.

Abin da na gaya wa ƙanwata ke nan, kusan kalma da kalma. Ba ta gamsu duka ba, ta dai ce Allah ya sa albarka, ta kuma sa sharaɗin kada ya kuskura ya wuce inda sojoji suka ce a tsaya. Yaron ya yi rajista a sashen nazarin halittu a Ngaundere. Da hutun farko ya je Mora ya sami wani dattijo daga ƙauyukan bakin iyaka, ya durƙusa ya ce, "Baba, so nake ka koya mini kama zuma." Tsohon ya dube shi ya ce sai ya fara koyon saƙa amya tukuna, kuma ya yi. Gilashi biyu na wurin kafinta ana yi musu katako. A bangon littafinsa ya rubuta lokacin da yake son ya kasance zaune gaban saƙa da wayarsa a hannu: mako na uku na Afrilu, daga hantsi zuwa azahar.